Hotunan Yis a Ɗakin Jego

Tun ranar suna Hajiya Takama ta gama yanke shawararta, sai dai ba ta faɗa wa kowa ba har baƙi suka watse aka mayar da tabarmin aro. Sannan ta kira ɗanta Sumaila, ta zaunar da shi daidai bakin ɗakin da matarsa Sahiya take jego, inda ta tabbata magana za ta shiga ciki, ta gaya masa yaron nan babu inda za shi. In uwarsa ta gama wanka ta koma Faransa wurin karatunta, Allah ya ba da sa'a. Amma jariri a Malbaza aka haife shi, a Malbaza zai yi rarrafe. Batun nono kuwa ba abin damuwa ba ne, ƙanwar Sumaila tana goyo, ƙirjin da ya ciyar da ɗaya zai ciyar da biyu.

Sahiya tana ciki tana jin komai, amma ba ta da bakin magana. Ɗan fari ne. Mace mai kunya ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai ta kau da kai har a ce mata ta ba shi nono, balle ta buɗe baki ta ce nata ne. Ga shi an sa masa sunan marigayi mijin Hajiya, Halilu, sunan da Hajiya ba ta taɓa faɗa ba cikin shekara talatin da takwas na aure, sunan da bai kamata suruka ta ɗora a harshenta ba. Maigida Hajiya take kiran yaron, duk gidan suka bi ta.

Da mahaifiyar Sahiya na da rai, da a Illela za ta yi wankan nan, gaban uwarta. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce, shi ya sa da Hajiya ta ce a kawo mata ita babu wanda ya musa.

A cikin jakar Sahiya akwai wata takarda mai layi shida, wadda uba ke sa wa hannu ya ce ya yarda a shigar da ɗansa cikin fasfon uwarsa a fita da shi. In babu hannun Sumaila a kanta, jirgin ƙarshen Oktoba ita kaɗai zai ɗauka. Sumaila ma'aikaci ne a kamfanin siminti, yana gwajin ingancin kaya, kullum kafin magariba yake shigowa da farar ƙura a gira. Sau uku ta miƙa masa takardar in Hajiya ta zaga bayan gida, sau uku ya ce ta bari a yi arba'in. Ba mugu ba ne. Mutum ne da bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba, kuma yana fata kwanaki su yi masa aikin da ya kasa.

Ban da takardar, jakar tana ɗauke da wata ambulan mai kauri, hotuna hamsin da ɗaya. Kowane hoto faranti ne mai kusurwa huɗu, a kansa ɗigo-ɗigo a jere, layi takwas, kowane layi sha biyu. Ɗigon nan yis ne, irin wanda ke kumbura burodi, shekara uku ke nan Sahiya tana kiwonsa a ɗakin bincike. A cikin ƙwayar yis akwai wani furotin da yakan naɗe ba daidai ba, in ya taɓa ɗan'uwansa sai shi ma ya naɗe haka, su dunƙule. Piriyon ake ce masa. Abin mamakin shi ne ba ya ƙarewa: uwa ta tsiro ɗiya a gefenta, ɗiya ta ɓalle da rabonta, ita ma ta ba tata, haka har abin da ya fi zuriya dubu. Abin da Sahiya ke nema shi ne me ke riƙe shi. Kowane ɗigo a hotunan yis ne da aka cire wa jen ɗaya, wato ƙwayar gado ɗaya daga cikin dubban da yake da su. In ɗigon ya fito fari, piriyon na nan, jen ɗin da aka cire ba shi da hannu a ciki. In ya fito ja, piriyon ya ɓace, ke nan an kama ɗaya daga cikin masu riƙe shi. Ta ɗauki hotunan da ciki wata bakwai, ƙafa a kumbure, ta yi wa Profesa, malamin da ke duba aikinta, alkawarin za ta karanta su a gida ta aiko masa da sunayen.

Sau ɗaya ta gwada yi wa Hajiya bayani, ranar da Tabawa, tsohuwar unguwa da ke yi mata wanka, ta tambaya ko hotunan yadin atamfa ne. Sahiya ta kawo misali da ƙullun masa, yadda ake barin ragowar jiya ta tayar da na yau. Hajiya ta saurara har ƙarshe tana tsince wake, sannan ta dubi Tabawa.

"Kin ji ko? Shekara ashirin ana karatun lakwal, ashe tsamin masa anka tahi kiwo. Da ta tambaye ni, da na koya mata kyauta."

Abin ya ƙara lalacewa da Sumaila ya so ya gyara. Don ya nuna wa uwarsa aikin babba ne, sai ya ce mata irin wannan abu ne ke haukata shanun Turawa, wanda rediyo ya yi ta faɗa shekarun baya. Sahiya ta ce na yis daban ne, ba ya kama mutum ko dabba, kuma wannan takarda ce kawai, ba yis ɗin ba. Hajiya ba ta ji wannan ba. Daga ranar ta kafa doka: in an taɓa hotunan sai an wanke hannu da toka kafin a taɓa Maigida. Wayar salular Sahiya kuwa ta ɗauke ta kulle a akwatinta, wai ƙararta tana firgita yaro.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Da safe Tabawa ta tafasa ruwa a rabin ganga, ta tsoma ganyen dogonyaro ta yi ta fyaɗa mata har fata ta yi ja, da la'asar a sake. Tsakanin wanka da wanka akwai kunun kanwa, akwai nono, akwai wankin tsumma, akwai sauron damina da take kora da mafici daga fuskar yaron in babu mai kallo. A ɗan abin da ya rage take baje hotuna biyu-biyu a kan gado, yaro a cinya, tana bin layi da yatsa tana duba littafin da ke nuna wane jen ne a wane gurbi. Idonta yakan rufe a tsakiyar layi ta farka ta sake daga farko. In yaron ya motsa kafin ta ajiye hoton, sai ta ji muryar Hajiya daga tsakar gida tana gaya wa maƙwabta cewa ga shi nan, yaro na kuka uwa na karatun ɗigo, wannan ce za a ba amanarsa a ƙasar da babu dangi.

Ranar kwana goma sha takwas ta gama. Suna ashirin da uku. Sumaila ya kai takardar sunayen Konni aka aika ta intanet, ya dawo da amsar Profesa a buge: ya yi murna, ranar Litinin ta sama za a fito da waɗannan yis ashirin da uku daga sanyi a fara gwada su ɗaya-ɗaya, aikin mako shida, kuma zai ambaci sunayen a wani taro, don akwai wasu masu bincike a wata ƙasa da ke bin wannan sawun. Da Hajiya ta ji ɗanta ya hau babur har Konni saboda ɗigo, ta ce wannan ne na ƙarshe, ba ta haife shi don ya zama masinjan matarsa ba.

Ranar Juma'a, kwana ashirin da biyar, Sahiya tana shayarwa tana sake karanta kwafin sunayen, ba don komai ba sai don daɗin ganinsu, sai ta tsaya cak, ta sake bin su daga sama. Akwai jen ɗaya da duk mai wannan aiki ya sani, suna kiransa da lambarsa, ɗari da huɗu. Shi ke yanka dunƙulen piriyon ƙanana-ƙanana yadda ɗiya za ta samu rabo. In an cire shi dole ɗigo ya yi ja, ba a taɓa ganin akasin haka ba. Ba ya cikin sunayenta. Profesa zai ɗauka ta bar shi ne don sananne ne, amma ita ta san ba ta bar komai ba.

Ta jawo hoto na talatin da ɗaya. Gurbinsa layi na uku, ɗigo na huɗu. Fari fat. Ta gangara da ido, a layi na shida, ɗigo na tara, ga ja kamar barkono. Ta juya hoton, sama ya koma ƙasa, sai jan ya faɗa daidai inda ya kamata. Mai wankin hoto ya yanke gefen da ta yi wa alama, ita kuma ta karanta shi a kife. Kowane faranti yana da guraben da aka bari babu komai don a gane shi. Da ta natsu ta duba su tun farko da ba ta yi kuskure ba, amma ba ta duba ba. Ta bi sauran da wannan hanya. Hoto tara ne a kife, duk waɗanda ta ɗauka a rana ta ƙarshe. Suna bakwai cikin ashirin da uku ba su ba ne. An kama marasa laifi, masu laifin suna zaune.

Kafin Sumaila ya shigo ta gama gyarawa a takarda mai tsabta. Ta gaya masa cikin raɗa cewa dole saƙon ya isa kafin Litinin, in ba haka ba mutane za su yi mako shida suna gwada abin banza, Profesa ya tsaya gaban jama'a ya faɗi sunayen ƙarya da bakinta. Ya riƙe takardar ya duba, shi ma mai gwaji ne, ya san nauyin lamba da aka rubuta a layin da ba nata ba. Amma ya mayar mata. Ya ce Hajiya ta hana, gobe yana aiki, kuma ta yi haƙuri, wannan ma ai alama ce aikin nan da jego ba sa haɗuwa. Ta tambaye shi ko maganarsa ce wannan ko ta aro. Ya tashi ya fita alwala.

Asabar da safe, bayan wanka, Hajiya ta yafa mayafi ta tafi gaisuwar rasuwa a bayan kasuwa, Tabawa ta koma gidanta. Sahiya ta zauna bakin gado ta auna abin yadda take auna komai. In ta bar yaron ta tafi, awa biyar babu nono, kuma ta ba Hajiya shaidar da take nema. In ta tafi da shi, ta fitar da jaririn da bai yi arba'in ba cikin iskar damina, ta nuna wa gari ba ta da kunyar ɗan fari. In ta zauna, sunaye bakwai na ƙarya su tafi da sunanta. Babu hanyar da ba a zaginta a ciki. Ta zaɓi wadda yaron ba zai ji yunwa ba. Ta sa masa hula da safa, ta naɗe shi da tawul biyu, ta ɗauki lema, tsumma huɗu da gorar ruwan da ta tafasa, ta fita ta ƙofar baya.

Rana ta buge ta kamar ba ta taɓa saninta ba. Ƙafafunta sun manta tafiya, ta tsaya sau biyu kafin tasha, manyan motocin siminti suna wucewa tana juya wa hanya baya tana rufe fuskar yaron. A cikin motar Konni aka matsa mata kusa da wata dattijuwa mai kwandon kaji. Matar ta shaƙi ƙamshin ganye a jikinta, ta ɗaga bakin tawul ba tare da ta tambaya ba, ta ga cibiya, ta ce wa duk motar wannan ba ta yi arba'in ba. Aka yi ta magana a kanta kamar ba ta wurin: wani ya ce ƙila asibiti za ta, wata ta ce in asibiti ne ina uwarta, ina uwar mijin, 'yan lakwal ne dai ba a iya musu. Sahiya ta zuba wa gonakin hatsi ido, ta tare iskar taga da kafaɗarta har Konni.

Gidan intanet ɗin yana kusa da babbar hanya, injin wuta na ruri a ƙofa. Sai da ta jira rabin awa shafin ya buɗe. Ta yi rubutu da hannu ɗaya, yaro na tsotso a ƙarƙashin mayafi. Ba ta nemi uzuri ba. Ta ce hoto tara ta karanta a kife, ga sunaye bakwai da za a soke, ga bakwai na gaskiya da gurabensu, ga yadda za a tabbatar da guraben da babu komai. Ta duba kowane suna sau uku. Biyu daga cikin sababbin ba ta taɓa jin wani ya danganta su da piriyon ba, ta san in sun tabbata abin da ta je nema ke nan.

Ta kai hannu za ta aika, sai ta tsaya. Yaron ya saki nono ya yi barci, bakinsa a buɗe, gumi a goshinsa. Ta tuna rijiyar gidan ƙanwar Sumaila da ba ta da murfi, ta tuna yaran unguwa biyu da zazzaɓi ya ɗauka tun zuwanta. Ta ƙara layi uku a ƙasa: in ƙarshen Oktoba ya yi bai gan ta ba, kada ya jira, ya ba wani ɗalibi farantan da littattafanta, suna kan kantar ajiya ta biyu, komai a rubuce yake. Ta daɗe tana kallon layukan kafin ta danna.

Daga nan ta shiga wurin mai hoto. Sai da suka sha fama, don hoton fasfo sai ido a buɗe. Ta shimfiɗa farin zane a cinyarta, ta shafa wa yaron ruwa a tafin ƙafa har ya buɗe ido a fusace, mai hoto ya kama shi a haka.

La'asar ta yi sanda ta isa gida. Tun daga zaure ta ji hayaƙin itace, ta san an ɗora ruwa. Tsakar gida cike take: Tabawa a bakin murhu, maƙwabta mata uku da suka rako Hajiya daga gaisuwa suka ƙi tafiya, ga Sumaila tsaye da kayan aiki, an aika an kira shi daga kamfani. Hajiya tana kan kujera 'yar tsugune a tsakiya. Sahiya ta yi sallama, babu wanda ya amsa.

"Madam ta taso daga buro," in ji Hajiya, tana nufin ofis.

Sahiya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce Konni ta je, aiki ne da ba ya jira, yaro lafiyarsa lau, ya sha nono sau huɗu, iska ba ta taɓa shi ba. Hajiya ba ta dube ta ba, matan take yi wa magana. Ta ce su zama shaida. Kwana ashirin da shida, cibiya ba ta gama bushewa ba, an ɗauke shi an shiga motar haya da kaji da masu tari, saboda ɗigo. Ta ce ita ta haifi bakwai ta binne uku, ta san abin da iskar damina ke yi wa jariri, ba a littafi ta karanta ba. Muryarta ta ɗan karye a nan, Sahiya ta ji, kuma ta san ba ƙarya ba ne.

"Da na bar shi, Hajiya, da yanzu kina gaya musu na bar jariri da yunwa na tahi yawo."

Ɗaya daga cikin matan ta ce a'a, yarinya, ba a mayar wa babba magana. Hajiya ta ɗaga mata hannu. Ta ce magana ta ƙare, ba sai an jira Oktoba ba. Daga yau Maigida a ɗakinta zai riƙa kwana, a kawo shi ya sha a mayar, ya saba tun yanzu. Ta miƙe, ta tako har gaban Sahiya, ta miƙa hannu biyu.

"Ba ni Maigida."

Sahiya ta tashi tsaye. Ta gyara yaron a kafaɗarta, ta dafa bayan kansa, a gaban kowa.

"Halilu ba shi kwana ko'ina sai inda nike."

Tabawa ta saki itacen da ke hannunta ta yi salati a hankali. Sunan ya tsaya a tsakar gidan, shekara shida rabon da a ji shi a nan tun da aka fita da mai shi. Hannun Hajiya suna nan a miƙe, kamar ta manta da su. Sumaila ya kira sunan matarsa sau ɗaya, da muryar da ba ta san shi da ita ba, amma ba ta juya ba. Ta san abin da ta yi ba ya gyaruwa, don haka ta ƙarasa.

Ta ce ba ta zo faɗa ba, ta zo ta faɗi yadda abin zai kasance ne don kowa ya sani. Takardar fasfo tana ɗaki. In Sumaila ya sa hannu, ta tafi da ɗanta, ta kawo shi kowace shekara Hajiya ta gan shi. In bai sa ba, shi ke nan, ba ta ja da shi, amma ita ma ba ta tafiya. Ta riga ta rubuta wa Profesa yau ya ba wani aikinta.

Sumaila ya ce ba ta da hankali ne, shekara uku, ga shi ta ce ta kusa kamawa. Ta ce jen ɗin suna cikin farantai, ba gudu za su yi ba, wani zai same su ya sa sunansa. Ta faɗi haka ba ta sauke ido ba. Ta juya ga Hajiya.

"Ɗakin ga zan zauna har yaye. Shekara biyu. Kullum da sahe in zo in gaishe ki, in share miki tsakar gida, in ɗauki ɗana gaban baƙinki in yi mishi wasa, in kira shi da sunanshi. Ba ni iya komawa yadda nike jiya, Hajiya, ko na so."

Hajiya ta sauke hannunta. Ta daɗe tana kallonta, kallon da ake yi wa kaya a kasuwa in ana neman inda aka ɓoye aibi. Sahiya ta gane me take nema: alamar cewa barazana ce, cewa 'yar lakwal ba za ta iya barin jirgi ya tashi babu ita ba. Ta tsaya ta bari a duba. Hajiya ta dubi ƙofar ɗakin jegon, taku biyar daga tata ƙofar, ta dubi matan da gobe za su kai labarin nan kowane gida a Malbaza, da jibi, da duk ranar da aka sake kiran sunan.

"Sumaila, kana da bik?"

Ya taɓa alƙalamin da ke aljihunsa ya ce yana da shi.

"Sa mata hannu. Kuma ta kwashe kayanta kahin magariba. Sauran wankan ta tahi Illela ta nemi mai yi mata, ni na gama. Tabawa, kashe wutar ga."

Ta shige ɗakinta ta saki labule. Ba ta sake duban yaron ba.

Sahiya ta shiga ta ɗauko takardar. Babu tebur, Sumaila ya kifa turmi ya ɗora ta a kai, ya sa hannu da ƙarfi har bik ya kusa huda takarda, ya miƙa mata yana kallon bango. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta nuna masa ya manta kwanan wata. Ya rubuta. Tabawa tana yayyafa wa garwashi ruwa, tururi na tashi, matan suka fice ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Kayan ba su da yawa. Ta ɗaure tsummokin yaro a zane ɗaya, ta zuba hotunan a ambulan. Wayar tana akwatin Hajiya, ba ta tambaya ba. A bakin labule ta durƙusa ta ce Hajiya ta yafe mata, za su tafi. Ta jira. Tana jin numfashin tsohuwar a ciki, amma amsa ba ta zo ba.

Suka bi hanyar gidajen kamfani, inda Sumaila ke da ɗaki ɗaya, za ta kwana can ta nemi motar Illela da safe. Yana gaba da jaka a kafaɗa da kwanon wanka a hannu, tana baya da yaro, tsakaninsu ya fi taku goma. Saura wanka ashirin da tara, ba ta san wanda zai ɗora mata ruwa ba. Da suka kai kwanar kamfani ta ɗaga murya ta tambaye shi yaushe za a kai takardar a buga mata hatimi. Bai juyo ba.

"Litinin," ya ce.